Rabi na Gawa, Rabi na Ofis

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a ƙauyenmu, kuma babu gidan da ya cinye min takalma kamar na Ewald Kreutz. Gidan yana can ƙarshen tudu, bayan makabarta, inda keken gidan waya ba ya iya hawa sai na sauka na tura shi ina haki. Sauran mutane wasiƙa ɗaya ko biyu suke samu a mako, ita ma yawanci takardar wuta ce. Shi kuwa kusan kullum sai an aiko masa da wani ɗan ambulan mai kauri, wanda in na girgiza sai na ji ƙarfe yana motsi a ciki.

A bakin ƙofa nake tarar da shi, ƙurar dutse ta yi masa fari fat har gira.

"Uwar wasiƙu, yau ma kin makara."

"Tsoho, ka sake ce min na makara, gobe a rafi za ka je ka tsinto tarkacenka."

"Ba tarkace ba ne, Waltraud. Mutane ne."

Haka muke gaisawa tun ina budurwa har na yi jika. Shekara goma sha biyu kacal ya ba ni, amma tun bai kai arba'in ba nake ce masa tsoho, don da fuskar dattijai aka haife shi.

Sana'arsa sassaƙa suna a kan dutsen kabari. Duk wanda ya mutu a ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye, Ewald ne ya rubuta shi. Shi ya rubuta mahaifina, shi ya rubuta mijina. Hannu dai yana da shi, wannan ba a ja. Taurin kai ma haka. Ya taɓa ƙin sassaƙa wa matar mahauci kalmar "miji nagari" har sai da fadan cocinmu ya sa baki, wai shi kowa ya san mutumin, kuma gudumarsa ba ta saba da ƙarya ba. Bai taɓa aure ba. Shi da mahaifiyarsa Agnes suka zauna a gidan har Allah ya yi mata rasuwa.

Abin da ke cikin ambulan ɗin nan ƙarfen shaida ne na sojojinmu Jamusawa na yaƙin duniya na biyu. Wani ɗan farin ƙarfe ne mai arha, siffar ƙwai, bai cika tafin hannu ba, soja yana rataya shi a wuya da igiya. Babu suna a jiki, sai harufan runduna da lambar mutum da rukunin jininsa, an buga su sau biyu, sama da ƙasa. A tsakiya akwai tsaga uku a jere. In soja ya faɗi, abokinsa zai karya ƙarfen daidai tsagar, ya bar rabin sama a wuyan gawa, ya kai rabin ƙasa ga manya don a rubuta an mutu. Ewald yana da yadda yake faɗin wannan, ya faɗa min ya fi sau ɗari: "Rabi na gawa, rabi na ofis."

Wanda kuwa ya mutu ba mai karya masa, ƙarfensa yana nan cikakke a ƙirjinsa a ƙarƙashin ƙasa. Ofis bai san ya mutu ba, gida ba su sani ba. Ƙarfen nan shi kaɗai ya rage da zai iya faɗin ko shi wane ne, ranar da aka tono shi. In an raba shi da ƙasusuwan, shi ke nan, mutum ya rasa sunansa har abada.

Mahaifin Ewald yana cikin irin waɗannan. Matthias Kreutz, mai aikin rufin gidaje. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo ne a farkon 1945 daga wajajen kogin Oder can gabas, yana tambaya ko rufin ɗakin ajiya bai fara yoyo ba. Daga nan shiru. Ewald yana da shekara uku ranar da uban ya zo hutunsa na ƙarshe. Ya ce min ba ya tuna fuskarsa, ba ya tuna muryarsa. Abin da yake tunawa ɗaya ne: an ɗauke shi, an rungume shi, wani ƙarfe mai sanyi ya taɓa masa kumatu.

Agnes ta ƙi yarda a rubuta mijinta a cikin matattu. 'Yan uwa sun yi sun yi, ta kafe. Na san ta a shekarunta na ƙarshe, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Duk ranar Allah sai ta leƙo ta taga in na iso, ta kalli hannuna. Ni kuma na girgiza kai. Shekara biyar muna wannan da ita, kuma ban taɓa sabawa ba, kullum sai na sauko tudun nan jikina a sanyaye. Da za ta rasu a 1983 ta sa Ewald ya kama fili mai cin mutum biyu, ta ce masa, "Ni hagu nake kwana, shi dama. Ka nemo shi ka kawo min." Ya sassaƙa sunanta a hagun dutsen, ya bar dama a shafe. Mutumin da ya rubuta kowa a yankin nan, kullum da safe sai ya wuce ta gaban rabin dutsen da ya kasa rubutawa.

Daga nan ya tsunduma. Wani ofis a Berlin mai ajiye takardun tsoffin sojoji ya ba shi harufan rundunar mahaifinsa da lambarsa, 1164. Uwar kuma ta taɓa gaya masa cewa Matthias ya zana ɗan tsani da ƙusa a bayan ƙarfen, alamar sana'arsa. Ewald ya fara bin kasuwannin tsoffin kayan yaƙi, nan gida da ƙetaren iyaka, yana juya ƙarfe bayan ƙarfe. Bai samu na ubansa ba, amma ya samu ido. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan harufa, ba a yi masa wayo da harafi. Sai ya ɗora gilashinsa mai ƙara girman rubutu, ya dubi yadda aka buga huɗu ko bakwai, ya ce wannan na gaske ne, wannan kuwa bara aka buga shi a garejin wani. Masu jabu suna samun tsohon ƙarfe marar rubutu su buga masa harufan rundunonin da suka fi tsada, su binne a cikin taki ya yi wata biyu. Ewald sai ya kai hanci.

"Shinshina, Waltraud."

"Allah ya kiyaye. Ni ba kare ba ce."

"Fitsarin doki ne. Ƙarfen da ya yi shekara hamsin a ƙasa ba ya wari. Kuma dubi cikin harafin, yana ƙyalli. Bayan tsatsa aka buga shi."

Sunansa ya zaga a wajen masu tara irin kayan nan. Suna aiko masa ya tantance, shi ya sa jakata ba ta rabo da nauyi. In ƙarfen na gaske ne, sai ya ɗora farar takarda a kai ya goga fensir har rubutun ya fito, ya aika ofishin Berlin. Wani lokaci sukan gano mai shi, su sanar da danginsa. Akwai wata mata daga bakin teku da ta san makomar yayanta ta hannunsa. Duk Kirsimeti sai ta aiko masa da bandar kifi, ni ce mai ɗaukowa, jakata ta yi mako tana ƙarni, shi kuma ko yanki bai taɓa ba ni ba sai na yi masa gori.

Lambobin yabo da wuƙaƙen ado da tutoci kuwa, ko kallo ba su ishe shi ba. Wata rana ina nan wasu ƙarti biyu masu askin ƙwal-kwabo suka zo a baƙar mota, suka ciro wata lamba mai alamar Nazi, suna riƙe da ita kamar jariri. Ewald ya dube su sama da ƙasa ya ce, "Ni matattu nake wa aiki, ba masu kewar yaƙi ba. Ku bar min ƙofar gida kafin na jiƙa ku." Ya kuwa ɗauki tiyon da yake wanke duwatsu da shi. Ban taɓa ganin manyan maza sun shige mota da sauri haka ba.

Kada a ce ina wanke kowa. Yaƙin nan mu muka kai wa mutane har gida, kuma abin da sojojinmu suka aikata a gabas baki ba ya iya faɗa. Ewald ya fi ni sani. Na taɓa tambayarsa kai tsaye, don ni bakina ba ya da linzami. Ya daɗe yana goge gilashinsa kafin ya ce, "Ban san abin da hannunsa ya yi ba. Wataƙila in na sani abinci ba zai ƙara shiga cikina ba. Amma ko mai laifi ne, ya kamata a san inda yake kwance, ko don a samu inda za a tsaya a tambaye shi."

Da katangar Berlin ta faɗi, gabas ta buɗe, sai kaya suka fara kwararowa. Mutane suna bin gonaki da dazuzzukan Oder da na'urar gano ƙarfe, suna tonowa a ɓoye suna sayarwa. Ewald ya kasa zaune ya kasa tsaye. Yana da wani aboki a kasuwa, Fons Verbiest, ɗan Beljiyam, wani ƙaton mutum mai dariya da dukan jikinsa, dillalin hulunan kwano da tsoffin takalman soja. Fons ne ya ba shi shawara ya sa talla a wata 'yar mujallar masu tara kayan yaƙi. Ya ce masa masu tono tsoron hukuma suke ji, in ka cika tambaya za su gudu. Ni na kai tallar gidan waya da hannuna a 1991, har na karanta, don bai liƙe ambulan ɗin da kyau ba. Ya rubuta harufan rundunar, ya ce duk ƙarfen shaida mai waɗannan harufa zai saya da daraja. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: "Ba na tambayar inda aka samo."

Washegari na tare shi.

"Kai da kake cewa in an raba ƙarfe da gawa an kashe mutum sau biyu, yanzu kai ne kake kiran masu rabawa?"

"Wa ya ce ki karanta min wasiƙa?"

"Wa ya ce ka yi rowar yawu? Amsa min."

"In ban saya ba wani zai saya ya rataye a bango. Ni in ƙarfen ya zo, zan bi mai shi har gida in lallashe shi ya nuna min wurin. Ƙarfen dai ya fara zuwa."

Na ƙyale shi, ba don na yarda ba. Shekara huɗu tallar tana fitowa. Sai da wani ma'aikaci daga cikin masu tono gawawwakin yaƙi da izinin hukuma ya rubuto masa wasiƙa mai zafi, ya ce suna buɗe ramuka suna tarar da ƙasusuwa wuya ba komai, sannan Ewald ya janye ta. Ya yi mako bai tsokane ni ba. Amma takardar da ta riga ta shiga duniya ba ta dawowa don mai ita ya yi nadama.

Shekaru suka ja. Gashinsa ya zama fari ko ba ƙura. Ranar wata Asabar a watan Oktoba na 2008, na gama zagayena na tsaya a wajensa shan kofi, har na kawo masa kek ɗin da na gasa, sai ga motar Fons tana hawa tudu tana tari. Tun bai kashe ta ba yake ihu.

"Ina Bajamushen nan mai baƙin rai? Fito ka rungume ni!"

"Ɓarawon Beljiyam, in hular kwano ka kawo, juya da abinka."

"Hular kwano? Yau sai ka yanka min alade. Madam Waltraud, ki zama shaida, mutumin nan yau zai yi dariya, abin da uwarsa ma ba ta gani ba."

Ya dire wani tsohon gwangwanin taba a kan tebur. Ya ce a gabas ya samo, wajen wata mata da mijinta ya mutu take sayar da tarkacen garejinsa. Ewald ya buɗe. Ƙarafa bakwai ne a ciki, an naɗe su a wata takarda da ta yi ja don tsufa, dukansu da harufan rundunar nan. Ya ɗora gilashi. Na farko, ya ajiye. Na biyu, ya ajiye. A na uku hannunsa ya tsaya. Ya juya bayansa, ya goge farin tsatsan da babban yatsa, sai ga ɗan tsani mai hawa huɗu.

Ya ɗaga ƙarfen ya manna a kumatunsa, ya rufe ido. Dattijo ɗan shekara sittin da bakwai. Ni dai kuka na fashe da shi, Fons ma yana sharar hanci yana dariya yana cewa, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba?"

Ban san minti nawa muka yi a haka ba. Na dai ga Ewald ya sauke ƙarfen, ya bi tsagar tsakiyar da yatsa a hankali. Cikakke ne, ba a karya ba. A hujin da ake rataya shi har da ɗan guntun ruɓaɓɓiyar igiya.

"Fons, daga wuyansa aka cire wannan."

"To, ai dai ka same shi, mutumina."

"Ƙarfe na samu. Shi yana ina?"

Fons ya fara inda-inda. Don ya kawar da zancen sai ya ɗauko takardar da aka naɗe su ya ce, "Ka ga ma abin dariya, dubi abin da ya naɗe su da shi." Ya warware ta a kan tebur, kusa da kek ɗina. Shafin mujalla ne. An zagaye wata 'yar talla da jan biro. Daga inda nake zaune ina iya karanta layin ƙarshe, don na riga na san shi.

Dariyar Fons ta mutu a bakinsa, ya tuna wanda ya ba da shawarar. Ewald ya karanta tallarsa tun daga farko har ƙarshe kamar bai taɓa ganinta ba. Sannan ya ninke ta, ya ce, "Ku sha kofinku, zai huce." Ya fita wajen duwatsunsa. Ba mu ji ƙarar guduma ba.

Da bazara ta shigo na yi ritaya, na ce masa ya shirya in kai shi, don shi tuƙinsa bai wuce na tsakanin ƙauyuka ba. Awa tara muka yi a 'yar motata, ya riƙe gwangwanin a cinya, ko sau ɗaya bai ce na cika gudu ba. Matar sunanta Renate, ta karɓe mu a tsorace, ta zaci hukuma ce. Da ta gane, ta zaunar da mu ta kawo burodi da miyar dankali.

"Mijina ba mugu ba ne, Baba," ta ce wa Ewald. "Masana'antarsu ce ta rufe bayan haɗewar ƙasa, yara uku a gabanmu. Ya ga tallar nan ya ce akwai wani a yamma mai neman irin waɗannan. Da can harsasai da ƙarafan ɗamara kawai yake tsinta, ba ya taɓa mutane. Ranar da ya kawo waɗannan bai ci abinci ba. Ya ce ya mayar da ƙasa ya rufe gawawwakin da kyau. Kullum sai ya ce gobe zai aika, har ciwon shanyewar jiki ya kama shi."

"Da can ba ya taɓa mutane," in ji Ewald. Ba tambaya ya yi ba.

Ta raka mu gonar da mijinta ya yi tonon, bayan wata doguwar ganuwar tare ambaliya. Gona ce kawai, dankali ya fara tsiro. Manomin ya ce ai mun makara, a 2003 ma'aikatan hukuma sun zo sun kwashe duk wanda ke cikin tsohon ramin yaƙin da ke gonar. Mutum ashirin da shida. An kai su makabartar sojoji, tafiyar rabin awa.

Mai kula da makabartar ya buɗe littafinsa ya nuna mana. Goma sha ɗaya an same su da ƙarafansu, an gano sunayensu, an rubuta wa danginsu. Goma sha biyar wuya ba komai. Ya kai mu layin. Ƙananan duwatsu ne a kwance cikin ciyawa, guda takwas, bakwai na mutum bibbiyu, ɗaya na mutum guda. A kan kowanne an rubuta ba a san ko su wane ne ba. Na tambayi mutumin ko ba a gwada jini a gane. Ya ce ba a sake buɗe kabari don wannan, ya ba mu haƙuri, ya koma ofishinsa.

Lissafin ba mai wuya ba ne, ni ma da ban yi nisa a makaranta ba na yi shi a tsaye. Da ƙarfen ya ƙara shekara goma a ƙirjin Matthias, da na hau tudun nan a 2003 da wasiƙar da Agnes ta mutu tana jira, da sunan makabarta da lambar kabari. Ba shi kaɗai ba, har da sauran shidan da ke cikin gwangwanin.

Ewald ya durƙusa da ƙyar a gaban dutse na farko. Ya shafa harufan ya ce, "Inji ne ya yanka wannan." Sai ya sunkuya ya ce a hankali, "Baba, ni ne Ewald." Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya matsa na biyu, ya durƙusa, ya sake faɗa. Haka ya bi su duka takwas. A na shida gwiwarsa ta ƙi, na ce ya bari haka, ya ce, "In a na bakwai yake fa?" Na taɓa binne miji, na taɓa binne uba, amma ban taɓa jin tausayi ya kama ni kamar na ranar ba.

Bayan mun dawo da kwana uku ya aiko a kira ni. Na tarar ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin kicin, ƙarfen yana kai. Duk mai tara kayan nan zai gaya maka cikakken ƙarfe ya fi karyayye daraja nesa ba kusa ba, kuma Ewald bai taɓa yarda ko ƙwarzane ya samu ɗaya a hannunsa ba. Ya ce, "Ba wanda ya karya masa a lokacin. Ki tsaya a matsayin shaida." Ya kama shi da hannu biyu. Ƙarfen ya tsufa, bai yi gardama ba, ƙas ɗaya ya rabu. Ya sa rabin ƙasa a ambulan, ya liƙe shi sosai, ya miƙo min.

"Na yi ritaya, tsoho."

"Na sani. Ke nake so ki kai."

Na kai. Sauran shidan ma ya aika, da bayanin gonar da layin da suke kwance. Daga nan ya bi akwatunansa ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya tara a shekara ashirin da biyar ya tattara ya aika Berlin, kowanne da 'yar takardar abin da ya sani a kansa. Masu aiko masa kaya ya tantance kuwa, ya riƙa mayar musu ba tare da ya buɗe ba. Fons ya zo sau biyu, sun sha kofi, amma tsokanar ta ƙi tashi.

Bayan wata bakwai takarda ta zo cewa an rubuta Matthias Kreutz a cikin matattu. Ewald ya ɗauki kayan aikinsa ya gangara makabarta. Kwana huɗu ya yi a kan rabin dutsen nan. Da na je gani, ya rubuta sunan uban da shekarunsa, 1913 zuwa 1945, ya cike daman dutsen tsaf, ko wurin sa yatsa bai bari a ƙasa ba.

"To, wa za a sa a ramin? Ba ka da gawa."

Ya buɗe wuyan rigarsa. Rabin saman yana rataye a ƙirjinsa da sabuwar igiya.

"Rabi na gawa," ya ce. "Duk duniya ni kaɗai ne abin da ya rage na jikinsa da aka san inda yake."

Sai a lokacin na gane. Raina ya ɓaci, na hau shi da faɗa a tsakiyar makabarta. "Kai kuma fa? Ina naka sunan? Shekara hamsin kana rubuta mutane, kai sai a rufe ka kamar wanda ba a haifa ba?"

"Mutum bakwai na raba da sunayensu, Waltraud. Guda ɗaya kawai nake da shi da zan bayar."

"Wannan ba hankali ba ne."

"Ta ce in kawo mata shi. Iya abin da na iya kawowa ke nan."

Na yi fushi da shi har wata guda. Ya rubuta wasiyyarsa, ya je ya shawo kan fada, wanda ya yi ta gunaguni kafin ya haƙura. Ewald ya rasu a watan Fabrairu na 2013, da hantsi, a kan kujerarsa ta kicin. Ni na tsaya a kan masu shirya gawa har na ga ba su cire igiyar ba. An sa shi a dama.

Baƙi in sun zo makabartarmu sukan tsaya a gaban dutsen, don rubutun yana da kyau, su ce Allah sarki, ga wata da mijinta ya dawo mata daga yaƙi. Ba na gyara musu. Duk Asabar nake hawa tudun, yanzu da sanda, na cire ciyawa na zuba wa furanni ruwa. Na gaida Agnes a hagu. In na juya dama, ba na karanta abin da ke kan dutsen. Nakan ce, "Ewald, ni ce. Na makara." Na faɗi sunan da ƙarfi, don in na daina faɗa babu inda aka rubuta shi.